Shirin Jarrabawar Shiga Karatun Digiri na Biyu a Fannin Bayoteknoloji: Misali Daga Ƙasar Indiya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin yadda ɗalibin da ya kammala digirin farko yake shirya wa jarrabawar shiga karatun digiri na biyu a fannin bayoteknoloji. Abin da ake nufi da bayoteknoloji shi ne fasahar sarrafa abubuwa masu rai, ko wani sashe nasu, domin samar da magani ko abinci ko ingantaccen iri. Wani injiniya ɗan ƙasar Hangari mai suna Károly Ereky ne ya ƙirƙiro kalmar a shekarar 1919, amma aikin da take nuni gare shi ya girme ta nesa ba kusa ba, domin kuwa matar da ta dafa kalwa ta rufe ta har ta zama daddawa ƙwayoyin bakteriya ta sa aiki, ko da ba ta san sunansu ba. Bambancin kawai shi ne, tun daga shekarar 1973, lokacin da Stanley Cohen da Herbert Boyer suka yi nasarar ɗauko yankin DNA suka dasa shi cikin bakteriya, fannin ya koma na shiga cikin ƙwayar gado kai tsaye.

An zaɓi ƙasar Indiya a matsayin misali saboda tana da jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya wadda aka keɓe wa wannan fanni, kuma tsarinta a bayyane yake. Ra'ayin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ɗalibin da ya dogara ga hadda ba ya kai labari a irin wannan jarrabawa, domin abin da take aunawa shi ne fahimtar dalili, da iya ƙaramin lissafi cikin hanzari, da kuma sanin yadda aka gina keɓaɓɓun kalmomin fannin. A wannan maƙala za a yi amfani da "tantani" a matsayin mafi ƙanƙantar sashen jiki mai rai, da "ƙwayar gado" a matsayin yankin DNA da ke ɗauke da umarnin yin wani furotin.

2.0 Jarrabawar da Tsarinta

Gwamnatin Indiya ta kafa Sashen Bayoteknoloji a ƙarƙashin Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha a shekarar 1986, kuma wannan sashe ne ke tallafa wa kwasa-kwasan digiri na biyu na fannin a jami'o'i da dama. Shekara da shekaru Jami'ar Jawaharlal Nehru da ke Delhi ce ke shirya jarrabawar haɗin gwiwa ta shiga waɗannan kwasa-kwasai. A shekarar 2020 aka maye gurbinta da wadda ake kira GAT-B, aka kuma ɗora alhakinta a kan Cibiyar Bayoteknoloji ta Yanki da ke Faridabad. Daga shekarar 2021 Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, wato NTA, ta karɓi gudanar da ita. Akwai kuma wasu ƙofofin, irin su takardar bayoteknoloji ta jarrabawar JAM da ta GATE, amma a nan za mu tsaya ne a kan GAT-B.

A tsarin da aka bi daga 2021 zuwa 2024, ana rubuta jarrabawar a kan kwamfuta, cikin harshen Ingilishi, a tsawon sa'o'i 3. Tambayoyin duka na zaɓi ne, kowace da amsoshi huɗu. Kashi na farko yana da tambayoyi 60 na dole, daga fizikis da kemistiri da lissafi da bayoloji, a matakin ajin ƙarshe na sakandare. Amsa daidai maki 1 ce, kuskure kuwa yana jawo a zabge rabin maki. Kashi na biyu yana da tambayoyi 100 a matakin digirin farko, ɗalibi ya zaɓi 60 ya amsa. A nan amsa daidai maki 3 ce, kuskure kuma a zabge maki 1. Jimillar maki 240 ke nan, kuma 180 daga ciki, wato kashi uku cikin huɗu, suna kashi na biyu.

Abin mamaki shi ne yadda ɗalibai kan san waɗannan alƙaluma da ka, amma ba su tsayawa su tambayi abin da suke nufi. Mu ɗauki batun canki-canka. Idan ɗalibi ya rufe ido ya zaɓi amsa a kashi na farko, sau ɗaya cikin huɗu zai dace ya sami maki 1, sau uku kuma ya yi asarar rabi-rabi, wato maki ɗaya da rabi. Faɗuwa ce ƙarara. Idan ya iya fitar da amsa guda da ya tabbata ba ita ba ce, ribar da asarar sun yi kunnen doki. Sai ya fitar da biyu sannan canki ke biyan sa. A kashi na biyu lissafin ya sauya. Canki na ido rufe yana kawo maki 3 sau ɗaya, ya ɗauke maki 1 sau uku, ba riba ba faɗuwa, da zarar kuma an fitar da amsa ko da guda ce, riba ta fara. Ke nan kashin da ɗalibai suka raina, suke ganin na 'yan sakandare ne, shi ne wanda ya fi tsananta horo a kan ganganci.

3.0 Kashi na Farko

Ba za mu daɗe a nan ba. Matsalar kashi na farko ita ce mantuwa. A tsarin karatun Indiya ɗalibi na iya zaɓar fizikis da kemistiri da bayoloji a aji na 11 da na 12 ya bar lissafi, saboda haka da yawa daga masu neman wannan gurbi sun yi shekaru biyar rabonsu da shi. Maganin abin shi ne komawa ga littattafan waɗannan azuzuwa biyu na hukumar NCERT, ba tare da jin kunya ba. Wanda lokaci ya ƙure masa ya fi kyau ya zaɓi sassan da za su sake yi masa amfani a kashi na biyu, kamar logaridim da ilimin yiwuwa da lissafin ƙarfin sinadari a ruwa da ma'aunin tsami na pH, domin jifa ɗaya ce za ta kashe masa tsuntsu biyu.

4.0 Hadda da Fahimta

Manhajar kashi na biyu tana da faɗi ƙwarai. Ta haɗa da bayokemistiri, da ilimin tantani, da ilimin gado, da na ƙananan halittu, da na garkuwar jiki, da dasa ƙwayoyin gado, da sarrafa halittu a masana'anta, da na'urorin ɗakin gwaji. Littattafan da aka saba komawa gare su, irin na Lehninger a bayokemistiri da na Kuby a garkuwar jiki, kowanne ɗaruruwan shafuka ne. Babu wanda zai haddace su. Amma da yake tambayoyi 60 kawai ake buƙata cikin 100, ɗalibi yana da 'yancin ya bar wasu sassa gaba ɗaya. A ganinmu, wanda ya naƙalci sassa biyar ya fi wanda ya laɓa a goma, domin sanin shanu shi ne ainihin abin da zabge maki ke cinyewa.

Mene ne bambancin hadda da fahimta a aikace? Misalin da ya fi fito da shi shi ne tsarin da François Jacob da Jacques Monod suka bayyana a shekarar 1961 game da bakteriyar E. coli. Wannan bakteriya tana da ƙwayoyin gado guda uku a jere waɗanda take amfani da su wajen cin sukarin madara. Idan babu wannan sukari a muhallinta, wani furotin mai danniya yakan zauna a kan wani gurbi na DNA da ke gaban ƙwayoyin, ya tare hanyar karanta su. Idan sukarin ya samu, wani dangin sa yakan maƙale wa furotin ɗin ya sauya masa siffa, sai ya saki gurbin, karatu ya fara. Mai hadda zai iya maimaita wannan tiryan-tiryan. To amma mai tambaya ba zai ce masa ya maimaita ba. Cewa zai yi: idan gurbin nan ya lalace ta yadda furotin mai danniya ba ya iya zama a kansa, me zai faru? Wanda ya fahimci tsarin zai ga cewa ƙwayoyin za su yi ta aiki ko da sukari ko babu. Idan kuma furotin ne ya lalace ta yadda ba ya iya karɓar sukarin, to ba zai taɓa tashi ba, ƙwayoyin za su kasance a rufe har abada. Babu ɗayan amsoshin nan da ake haddacewa. Fitar da su ake yi daga sanin abin da ke taɓa wane, da kuma dalili.

Saboda haka hanya mafi inganci ta karanta kowane tsari ita ce ɗalibi ya riƙa lalata shi a zuci. Ya cire wannan sashe ya ga abin da zai tsaya, ya ƙara wancan ya ga abin da zai yi yawa. Haka nan manyan gwaje-gwajen tarihi sun cancanci a karanta su a matsayin hujja, ba a matsayin sunaye da shekaru ba. Gwajin Meselson da Stahl na 1958, wanda ya nuna cewa kowane sabon DNA yana ɗauke da tsohon zare ɗaya da sabon zare ɗaya, ana iya tambayar sa ta fuskoki da yawa: bayan zagaye na biyu layuka nawa za a gani, bayan na uku wane kaso ne ke ɗauke da tsohon zare? Wanda ya san yadda aka yi gwajin zai lissafo amsar a gefen takarda.

4.1 Lissafin da ke Ɓoye Cikin Bayoloji

Ɗalibai da yawa sun gudo bayoloji ne don su tsira daga lissafi, sai ga shi ya biyo su. Sai dai lissafin ba mai zurfi ba ne, kuma iri kaɗan ne ke ta maimaituwa. Ga wasu misalai:

(1) Bakteriyar da ke ninka kanta kowane minti 20, idan aka fara da 1,000, bayan sa'o'i 3 ta ninka sau 9, wato 512,000.

(2) A fasahar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, kowane zagaye yana ninka yankin DNA da ake so. Zagaye 30 daga kwafi ɗaya yana iya ba da kwafi fiye da biliyan ɗaya.

(3) Inzayim ɗin da ke yanka DNA a inda ya tarar da wasu haruffa 6 a jere, da yake haruffan DNA huɗu ne, ana sa ran ya sami wurin yanka sau ɗaya cikin kowane 4,096.

(4) A ƙa'idar Hardy da Weinberg ta 1908, idan cutar gado mai ɓoyuwa ta bayyana ga mutum 1 cikin 10,000, masu ɗauke da ita ba tare da ta bayyana gare su ba kusan 1 ne cikin 50.

Idan aka lura, uku na farko abu guda ne, wato ninka lamba da kanta sau da yawa. Haka kuma ƙa'idar Michaelis da Menten ta 1913 game da saurin aikin inzayim, da zarar ɗalibi ya gane cewa Km shi ne adadin abin sarrafawa da ke kai inzayim rabin iyakar saurinsa, sauran tambayoyin kasafi ne kawai. Idan adadin ya ninka Km sau uku, saurin ya kai kashi uku cikin huɗu. Irin waɗannan tambayoyi su ne mafi aminci a takardar, domin wanda ya yi lissafin ya san ya dace ko bai dace ba tun kafin ya danna.

5.0 Keɓaɓɓun Kalmomin Fannin

Wannan shi ne sashen da littattafan shirin jarrabawa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali yana cikin mafi amfani. Kalmomin bayoteknoloji dubbai ne, amma ƙwayoyin ma'anar da aka gina su da su, waɗanda akasarinsu daga Girkanci da Latin suke, ba su da yawa. Ɗalibin da ya iya feɗe kalma zuwa saiwa da ɗafi yana iya gane ma'anar wadda bai taɓa gani ba.

Mu ɗauki ɗafa-ƙeya guda biyu. Ana liƙa -ose ga sunayen sukari da danginsa, ana kuma liƙa -ase ga sunayen inzayim. Wannan ya haifar da zubin kamantau irin waɗannan:

(5) lactose / lactase
 maltose / maltase
 cellulose / cellulase

Wasali guda ne ya raba abin da ake narkarwa da mai narkar da shi, kuma idon da ke sauri yana iya tsallake shi. Ƙa'idar tana da togaciya, domin tsofaffin sunaye irin su pepsin da trypsin sun riga ta zama, alhali su ma inzayim ne. Ta fuskar ɗafa-goshi kuwa, endo- na nufin ciki, exo- na nufin waje, saboda haka endonuclease yana yanka DNA daga tsakiya, exonuclease kuma yana gutsurar sa daga baki. Haka homo- da hetero- suke nuna iri ɗaya da iri daban-daban, -lysis kuma yana nuna fasawa. Ita kanta kalmar inzayim, wadda Wilhelm Kühne ya shigo da ita a cikin shekarun 1870, asalin ma'anarta a Girkanci "cikin yisti" ce.

Wasu sunayen taƙaitattun bayanai ne. A sunan EcoRI, harafin E da co daga Escherichia coli suke, R na nuna nau'in bakteriyar da aka samo shi, I kuma na nuna shi ne na farko da aka samu daga gare ta. Wasu kuma wasa da harshe ne tsantsa, wanda feɗe kalma ba zai warware ba. A shekarar 1975 Edwin Southern ya fito da hanyar gano wani yanki na DNA, aka sa mata sunansa. Da yake sunan nasa na nufin "na kudu", sai waɗanda suka zo daga baya suka kira hanyar gano RNA "ta arewa", ta gano furotin kuma "ta yamma". Babu wani Malam Arewa ko Malam Yamma a tarihin fannin. A nan kam ba makawa sai hadda.

Abin da zai fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne yadda fannin ya aro kalmomi daga aikin rubutu. Ana kwatanta DNA da matani mai haruffa huɗu. Kwafe shi zuwa RNA ana kiran sa da kalmar da ke nufin juyar rubutu, mayar da RNA zuwa furotin kuma ana kiran sa fassara, kuma kwatancin ya yi ma'ana, domin a mataki na farko ba a fita daga harshen ba, a na biyu kuwa an fita. Kowane haruffa uku "kalma" ce, jimillarsu 64, guda 61 suna nuna sinadaran amino, 3 kuma aya ce mai tsayar da karatu. Da yake sinadaran amino 20 ne kawai, kalmomi da yawa suna tarayya a ma'ana ɗaya. To sai dai aron yakan yaudari wanda ya ɗauke shi yadda ya san shi. Wurin da EcoRI ke yanka, wato GAATTC, ana kiran sa da sunan kalmar da ake karantawa gaba da baya ba ta sauya ba, irin su "ana" da "aka" a Hausa. Amma idan aka karanta GAATTC daga baya CTTAAG ake samu. Ma'anar a nan ita ce, zaren da ke fuskantar sa, idan aka karanta shi ta nasa ɓangaren, shi ma GAATTC ne. Ɗalibin da bai lura da wannan sauyin ma'ana ba zai zaɓi amsar da aka ɗana masa.

Akwai kuma kalmomin da suka yi kama a baki amma suka sha bamban a aiki. Hanyoyi uku da bakteriya ke samun DNA daga waje su ne transformation da transduction da conjugation. A ta farko, wadda gwajin Griffith na 1928 ya fara nunawa, bakteriya na tsintar DNA tsirara daga muhalli. A ta biyu ƙwayar bairos ce ke yin dakonsa. A ta uku tantani biyu ne ke haɗuwa. Masu shirya tambaya sun san waɗannan suna rikita ɗalibai, kuma daga cikinsu suke gina amsoshin ƙarya.

5.1 Ginin Jimlar Tambaya

Bayan kalma sai jimla. Ga mafi yawan masu rubuta wannan jarrabawa Ingilishi harshe na biyu ne ko na uku, kuma wurin da aka fi tuntuɓe shi ne korewa. Tambayar da ke neman maganar da "ba daidai ba", ko wadda ta ce duk suna da wannan siffa "ban da" ɗaya, tana juya aikin gaba ɗaya, domin amsoshi uku gaskiya ne, kuma ido yakan cafke ta farko da ya gane. Abin ya fi muni idan korewa ta zo a cikin tambaya ta kuma zo a cikin amsa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a auna kowace amsa ita kaɗai, a ce mata gaskiya ko ƙarya, sannan a koma a duba wadda aka nema. Haka nan kalmomin iyakancewa irin su "kullum" da "kaɗai" da "duka" sun cancanci zargi, domin a ilimin halittu da wuya a sami ƙa'idar da ba ta da togaciya.

6.0 Tsara Lokaci

Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma binciken masana halayyar ɗan'adam na baya ya tabbatar da cewa gwada kai da tambayoyi ya fi sake karanta shafi tasiri. Ma'anar wannan ga mai shiri ita ce kada ya ajiye tsofaffin takardun jarrabawa sai ƙarshe. Ya fara da guda tun ranar farko, ya sha kaye, domin ya san inda yake. Daga nan ya riƙa ajiye littafin kurakurai, inda zai rubuta ba kawai amsar da ta dace ba, har da dalilin da ya sa ya kauce: rashin sani ne, ko kuskuren lissafi, ko rashin karanta tambaya da kyau? Kowanne maganinsa daban, kuma ƙara karatu na farkon kawai yake warkarwa.

A watan ƙarshe ya kamata a riƙa zama sa'o'i 3 cur a gaban kwamfuta, ba tashi, domin minti 180 ne na amsa tambayoyi 120, wato minti ɗaya da rabi kowace, ba a ma lissafa lokacin karanta 40 ɗin da za a bari ba. A kashi na biyu zai fi kyau a yi zagaye biyu. A na farko a amsa waɗanda aka tabbata da su kawai, a sa alama a kan waɗanda aka iya rage amsoshinsu. A na biyu a cike sauran guraben daga masu alamar, a fara da waɗanda aka rage zuwa amsa biyu, sannan waɗanda aka rage zuwa uku. Ɗalibin da ya bi tambayoyin a jere, yana amsa duk wadda ya yi wa kallon sani, yakan cika 60 ɗinsa tun yana tambaya ta 70, alhali mai yiwuwa sashen da ya fi ƙwarewa a kai yana cikin 30 ɗin da bai kai gare su ba.